Babi Na Bakwai: Idan Cibiyoyi Biyu Suka Gogi Juna

A babin da ya gabata mun tsaya a kan cibiyar zarra tana zaune ita kaɗai, muka ƙirga abin da ke cikinta: furoton masu cajin lantarki da niyutron marasa caji, waɗanda muka haɗa su muka kira 'ya'yan cibiya. Sai dai cibiyar da ke zaune lafiya ba ta gaya wa kowa sirrinta. Babu madubin likitan da zai nuna ta, domin ko cibiyoyin dalma, waɗanda suke cikin manya, in aka jera guda tiriliyan ɗaya a layi, tsawonsu ba zai wuce santimita ɗaya da rabi ba. Tun zamanin Ernest Rutherford, wanda ya gano cibiyar a 1911, dabarar masana ɗaya ce: a harbo wata cibiya a kan wata, a kafa na'urori a gefe su tare abin da ya fito, daga nan a yi lissafin abin da ya faru a tsakani.

Wadda aka harbo za mu kira ta harsashi. Wadda aka auna kuwa ita ce abin hari, galibi tana cikin wani fallen ƙarfe da ya fi takarda sirantaka nesa ba kusa ba. Idan harsashin ya fi cibiyar hiliyam nauyi, kamar litiyam ko kabon ko ma yuraniyam, to an shiga fagen da ake kira karon manyan cibiyoyi.

Kowace cibiya cajinta iri ɗaya ne da na 'yar'uwarta, don haka tun daga nesa suke ture juna, kuma ƙara matsowa ƙara turi. Wannan turin shi ake kira katangar Kulom. Ƙarfin da ke ɗaure 'ya'yan cibiya ya fi turin lantarki ƙarfi sosai, amma hannunsa gajere ne, ba ya kamu sai cibiyoyin sun kusan taɓa juna. Harsashin da ba shi da gudu sosai, tun daga nesa zai karkata ya wuce. Wanda ya zo a guje ya daki tsakiya zai haura katanga, su biyun su narke su zama cibiya guda. Niels Bohr ya yi bayanin wannan a 1936: haɗaɗɗiyar cibiyar takan rarraba ƙarfin karon ga dukkan 'ya'yanta, har abin da ya fito daga baya ba ya ɗauke da labarin yadda aka shiga. Wanda ya dame mu a wannan babi shi ne na uku, harsashin da bai kauce ba, bai kuma daki tsakiya ba, sai ya gogi gefe ya wuce.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a lungun kasuwa ya ga amalanke biyu maƙare da kaya suna neman wuce juna ya san abin da kan faru. In an ɗaure kayan tam, iyaka su gogi juna kowa ya kama gabansa. Wani sa'in buhun da ke gefe ya zame daga wannan ya faɗa kan wancan, a tafi da shi. In kuwa igiyar ɗaya ta yi sako-sako, girgizar kaɗai ta isa kayansa su watse a hanya. Zamewar buhun ita ce miƙa 'ya'yan cibiya, watsewar kuma ita ce tarwatsewar harsashi. A wajen cibiyoyi dai komai na faruwa ne cikin wani lokaci da hankali ba ya kamawa: a raba daƙiƙa ɗaya gida tiriliyan, a ɗauki kaso guda a sake raba shi gida biliyan. 'Yan ƙalilan daga cikin waɗannan gutsattsarin su ne tsawon gogayyar.

Labarin ya faro ne daga harsashi mafi ƙanƙanta da za a iya rabawa. Diyutaron, wato cibiyar haidirojin mai nauyi da Harold Urey ya gano a ƙarshen 1931, furoton ɗaya ne da niyutron ɗaya, kuma ɗaurinsu ba shi da ƙarfi. A ma'aunin MeV da ake auna ƙarfi da shi a wannan fage, 2.2 ya isa a raba su, alhali a yawancin cibiyoyi sai an kashe wajen 8 kafin a ɓamɓaro ɗa guda. Da Ernest Lawrence da abokan aikinsa a Berkeley ta jihar Kalifoniya suka fara harba diyutaron da injinsu na saikulotiron, sai suka ga yana sauya cibiyoyin da aka hara fiye da yadda lissafi ya ce zai iya a irin wannan ɗan gudun. A 1935 Robert Oppenheimer da ɗalibarsa Melba Phillips suka warware matsalar. Furoton ne kaɗai ke jin turin lantarki, niyutron ba ruwansa. Saboda haka in diyutaron ya doso, sai furoton ya noƙe daga baya, niyutron ya miƙe gaba har ƙarfin cibiya ya cafke shi, furoton kuma ya fice shi kaɗai. Ashe ba sai dukan harsashin ya haura katanga ba kafin wani abu ya shiga.

Sunan Oppenheimer kowa ya san shi saboda bam ɗin nukiliya. Na Phillips ma ya kamata a riƙa ambata. A 1952 ta rasa aikinta na koyarwa a Kwalejin Brooklyn saboda ta ƙi amsa tambayoyin wani kwamitin majalisar dattawan Amurka mai farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci. A shekarun da ta yi ba aiki ne ta rubuta, tare da Wolfgang Panofsky, littafin lantarki da maganaɗisu da ɗaliban jami'a suka daɗe suna karantawa.

A 1947 Robert Serber ya nuna yadda abin yake a babban gudu. Diyutaron mai MeV 190 in ya shafi gefen cibiya, sai a fizge furoton, niyutron ya zarce gaba abinsa da wajen rabin ƙarfin. Amma wanda ya mai da lamarin kayan aiki shi ne Stuart Butler, wani matashi ɗan Ostireliya da ke neman digirin digirgir a Birmingham ƙarƙashin Rudolf Peierls. A 1950 da 1951 ya nuna cewa, in niyutron ne aka fizge, kusurwar da furoton ya fi fita ta ita tana faɗin irin kewayen da niyutron ya shiga a sabon mazauninsa. Abin ya zo a kan gaɓa. A 1949 Maria Goeppert Mayer a Amurka, da Hans Jensen da abokansa a Jamus, sun ce 'ya'yan cibiya hawa-hawa suke zaune, kuma duk cibiyar da adadin furoton ko niyutron ɗinta ya faɗo a kan 2, 8, 20, 28, 50, 82 ko 126 takan fi maƙwabtanta ƙarko, domin hawanta ya cika. Da hanyar Butler aka samu damar saka niyutron ɗaya a ga hawan da ya sauka. Mayer da Jensen sun karɓi kyautar Nobel a 1963. Har yau ba a daina amfani da dabarar ba. A 2010 Kate Jones da ayarinta a Oak Ridge ta Amurka suka gwada ta a kan kuza-132, mai furoton 50 da niyutron 82. Da yake wannan kuza rabinta kan lalace cikin daƙiƙa 40 ko kusa da haka, ba ta yiwuwa a matsayin abin hari, sai suka juya lamarin: kuzar ta zama harsashi, diyutaron kuma aka ajiye shi cikin fallen roba.

Da injuna suka ƙara ƙarfi, sai aka koma harba manya. A 1956, a Oak Ridge ɗin dai, Reynolds da Alexander Zucker suka harba naitirojin-14 a kan naitirojin-14, aka samu naitirojin-13 da naitirojin-15. Niyutron ɗaya ya sauya gida ke nan, kuma yakan yi haka ko da cibiyoyin ba su kai ga taɓa juna sosai ba, ta wata hanya ta ratsa katanga da ka'idar kwantam ta yarda da ita. A Dubna ta Tarayyar Sobiyet kuwa, Vadim Volkov da abokansa suka ga abin da ya wuce ɗa ɗaya ko biyu. A gwajinsu na argon-40 a kan toriyam-232, wanda Janusz Wilczyński ɗan ƙasar Foland ya fassara a 1973, cibiyoyin kan manne ne su ɗan juya tare, su yi musayar 'ya'ya da yawa, gudunsu ya koma zafi, sannan su rabu ba tare da sun narke ba.

To, duk wannan game da miƙawa ne. Tarwatsewa kuma fa? Ita sai ta sami harsashi mai sakakken ɗauri. Daga cikin cibiyoyin da ke samuwa a ƙasa akwai uku irin haka. Litiyam-6 tamkar alfa ne, wato cibiyar hiliyam mai furoton biyu da niyutron biyu, haɗe da diyutaron, kuma ƙasa da MeV 1.5 ya raba su. Litiyam-7 alfa ne da tiriton, cibiyar haidirojin mai niyutron biyu, ɗaurinsu kusan MeV 2.5. Beriliyam-9 alfa biyu ne da niyutron guda ya riƙe su. A cire wannan niyutron da wajen MeV 1.7, abin da ya rage shi ne beriliyam-8, wanda ba ya iya zama, dole ya rabe gida biyu.

Da farko ba a damu da waɗannan ukun sosai ba, sai bayan 1985. A wannan shekara Isao Tanihata ɗan Japan da abokan aikinsa, suna aiki da injin Bevalac a Berkeley, suka gano cewa litiyam-11 ya fi yadda ake zato girma ƙwarai. Dalili shi ne niyutron biyunsa na ƙarshe, waɗanda ɗaurinsu bai kai MeV 0.4 ba, suna yawo can nesa da sauran, har faɗin yawonsu yana kusan kai na cibiyar dalma mai 'ya'ya 208. Irin wannan cibiya rabinta kan lalace cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, kuma kaɗan ake iya samarwa. Tambaya ta taso: in aka harba ta, niyutron ɗin nan masu nisa za su taimaka ta narke da abin hari ne, ko kuwa za ta watse tun ba ta isa ba? Masana suka rabu biyu a kan takarda. Hanyar hankali ita ce a fara da ukun nan masu ɗorewa, waɗanda ake iya harbawa da yawa a auna da kyau.

A nan ne labarin ya koma Kanbera, babban birnin Ostireliya, inda Jami'ar Ƙasa take da wani dogon injin harbi mai tara kusan bolt miliyan 15. Mahananda Dasgupta, 'yar asalin Indiya da ta yi karatunta a Cibiyar Tata ta Mumbai, da David Hinde da ayarinsu suka harba beriliyam-9 a kan dalma-208. Lissafin mai sauƙi ne. Beriliyam na da furoton 4, dalma na da 82, in suka narke gaba ɗaya za a sami radon mai 86. A 1999 suka wallafa cewa radon ɗin da aka samu a saman katanga ya gaza abin da ake tsammani da kimanin kashi 30 cikin ɗari. Giɓin bai ɓace ba, ya fito a matsayin foloniyam mai furoton 84, wato alfa ɗaya ne ya shiga, ɗayan ya wuce. Suka gwada litiyam-6 da litiyam-7 a kan bismat-209, aka sake ganin giɓi makamancin wannan.

Fassarar da ta zo wa kowa ita ce harsashin ya tarwatse a hanya kafin ya iso, gutsure ɗaya ya shiga, ɗaya ya tsere. Magana ce mai kama hankali, ta dace da alƙaluma, kuma an daɗe ana maimaita ta. Amma ba wanda ya ga tarwatsewar da idonsa. Abin da aka gani foloniyam ne, sauran zato ne.

Abin da ya sa nake ganin wannan aiki ya cancanci a tsaya a kansa shi ne ayarin bai gamsu da zaton kansa ba. Suka rage gudun harsashin zuwa ƙasa da katanga, yadda kusan ba abin da abin harin zai haɗiye, gutsattsarin duka su fito. Suka kewaye wurin da manyan na'urorin silikon masu kama gutsure biyu a lokaci guda, suna auna ƙarfin kowane da kusurwarsa. Daga waɗannan ana fitar da amsa biyu. Jimlar ƙarfin tana nuna ko an ci riba ko an yi asara a karon, kuma kowace irin miƙawa tana da nata adadin da ake gane ta da shi. Ƙarfin da gutsattsarin biyu ke rabuwa da juna da shi kuma yana nuna inda suka rabu: in can nesa ne, adadin kan fito daidai wa daida kowane lokaci, in kuwa kusa da abin hari ne, turin lantarkinsa kan yamutsa shi.

Sakamakon ya fito a 2010 da 2011. Daga litiyam-7 ana jiran alfa da tiriton, sai ga shi abin da ya fi yawa alfa biyu ne. Mai karatu ya ƙirga da kansa. Litiyam-7 furoton 3 ne da niyutron 4, alfa biyu kuwa suna bukatar furoton 4 da niyutron 4. Ina aka samo furoton na huɗu? Daga abin hari. Litiyam ɗin ya fizgo furoton ɗaya ya zama beriliyam-8, shi ne ya rabe. Litiyam-6 shi ma sau da yawa yakan ba da niyutron ɗaya ya koma litiyam-5, wanda ke watsewa zuwa alfa da furoton. Beriliyam-9 kuwa yakan miƙa niyutron ɗinsa ga abin hari, alfa biyun su rasa mai riƙe su. Ke nan a mafi yawan lokuta ba girgiza ce ta tarwatsa harsashin ba, miƙawa ce ta fara, tarwatsewa ta biyo baya.

Ba a nan gizo ke saƙar ba, sai a wajen lokaci. Beriliyam-8 da ke kwance a mafi ƙarancin ƙarfinsa yakan rayu wajen ninki dubu ɗari na tsawon karon. A idonmu wannan ba komai ba ne, amma a wajen cibiya ya isa ya yi nisa ƙwarai kafin ya rabe. Wanda bai rabe ba sai bayan ya bar wurin, ta yaya rabewarsa za ta hana narkewa? Da ya doshi tsakiya, da dunƙule zai shiga. Saura waɗanda aka tayar wa hankali, masu rabewa da sauri. A 2016 Kaitlin Cook, wadda a lokacin ɗaliba ce a ayarin, ta saka ainihin tsawon rayuwar waɗannan a cikin lissafi, sai ta ga su ma galibi suna rabewa ne bayan sun juya sun kama hanyar fita. Abin da tarwatsewa za ta iya ɗauka daga giɓin nan na kashi 30 ya zama ƙaramin kaso.

A 2019 ita da abokan aikinta suka wallafa gwajin da ya cike zancen, na litiyam-7 a kan bismat-209. Sun bi sawun alfa a kusurwoyi masu yawa, har da waɗanda suka fito ba abokin tafiya, suka gwada da yawan foloniyam da aka samu. Ya tabbata cewa mafi yawan foloniyam ɗin ya samu ne ta miƙa tiriton kai tsaye: litiyam ya matso, tiriton ya tsallaka cikin bismat a dunƙule, alfa ya wuce, ba tare da harsashin ya fara watsewa ba. A wannan shekarar lissafin Jin Lei da Antonio Moro ya nuna hanya makamanciyar wannan. Wato abin da Oppenheimer da Phillips suka bayyana a kan diyutaron shi ne dai ya sake bayyana a kan harsashi mafi girma.

Shekara ashirin ke nan daga 1999 zuwa 2019, kuma mutanen da suka gano giɓin su ne suka rushe bayanin da aka fi yarda da shi a kansa. Ina ganin duk ɗalibin kimiyya ya kamata ya san wannan labari, ba don sakamakon kaɗai ba. Dacewar bayani da alƙaluma ba ta isa hujja ba muddin akwai wani bayanin da zai ba da alƙaluma iri ɗaya. Kuma a ra'ayina, koyar da miƙawa daban da tarwatsewa daban, kamar ba abin da ya haɗa su, yana ɓatar da ɗalibi, tunda a gogayya ɗaya suke faruwa, ɗaya na haifar da ɗaya.

Mai karatu na iya cewa, to me ruwan wanda ba masani ba? A cikin rana, beriliyam-7 kan kama furoton ya zama boron-8, wanda daga gare shi ne niyutrino masu ƙarfi da ake kamawa a doron ƙasa ke fitowa. Auna wannan kamun kai tsaye yana da wuya, sai Gerhard Baur da Carlos Bertulani da Heinigerd Rebel suka ba da shawara a 1986 cewa a bi ta baya: a harba cibiyar kusa da wata mai caji da yawa, turin lantarki ya ɓalle mata gutsure, daga nan a lissafa yadda kamun yake. Tohru Motobayashi da ayarinsa sun yi haka da boron-8 a kan dalma a RIKEN ta Japan, suka wallafa a 1994.

Musayar 'ya'ya da yawa irin ta Dubna kuma ta dawo da ƙarfinta. Zinariya da filatinam an ƙera su ne a sararin samaniya, a wuraren da niyutron ke kwarara, kamar karon taurarin niyutron biyu da aka hango ranar 17 ga Agusta 2017. Hanyar ƙirar tana bi ta kan wasu cibiyoyi masu niyutron 126 waɗanda narkar da cibiyoyi biyu ba ya samar da su. Gwajin zinon-136 a kan filatinam-198 da aka yi a GANIL ta Faransa, wanda Yutaka Watanabe da abokansa suka wallafa a 2015, ya nuna cewa gogayya na iya kai mu kusa da su. Da irin wannan hanya ce, ta harba yuraniyam-238 a kan filatinam-198, aka samu yuraniyam-241 a RIKEN, aka sanar a 2023.

Wanda ya fi kusa da jikin ɗan Adam shi ne na asibiti. Tun 1994 a Chiba ta Japan ake kashe ƙarin ciwon daji da harsashin kabon-12, a Darmstadt ta Jamus ma an yi haka daga 1997 zuwa 2008. Amfaninsa shi ne yakan ratsa tsoka ya sauke mafi yawan ƙarfinsa a daidai inda ya tsaya, don haka ana saita shi ya tsaya cikin ƙarin. Gudun da ake harba shi ya ninka na gwajin Kanbera sau da yawa, kuma a hanya wani kaso na kabon ɗin kan gogi cibiyoyin da ke jikin majinyaci ya farfashe zuwa boron, beriliyam, litiyam, hiliyam da furoton. Waɗannan gutsattsarin cajinsu bai kai na kabon ba, saboda haka ba sa tsayawa inda ya tsaya, sukan zarce cikin lafiyayyar tsokar da ke bayan ƙarin, wadda wani lokaci jijiyar ido ce ko lakar gadon baya. Kafin a kwantar da majinyaci sai kwamfutar da ke tsara maganin ta lissafa yawan waɗannan gutsattsarin da nisan da za su kai, kuma alƙaluman da take aiki da su daga gwaje-gwajen tarwatsewar harsashi aka samo su.